Fiton Bulus

Cikin duk ranakun da na yi a saman ƙugiya, wato injin ɗaga kayan gini, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce wata Laraba ta tsakiyar damina, a wani gini da muka yi a bayan Garki. Ku da kuka shigo aikin nan da rediyon oba-oba rataye a kafaɗa, kuna zaton haka aka halicci sana'ar. To, ba haka muka same ta ba. Ku gyara zama ku ji abin da ya sa har gobe nake yi muku faɗa idan na ga hannunku a kan libar inji alhali idonku yana wani wuri.

'Yan shekaru ne bayan sojoji sun koma bariki. Kuɗin mai yana shigowa, duk inda ka juya a Abuja bene ne ke tsirowa, wayar salula kuma ta fara shiga aljihun lebura. Ni ina zaune a Tungan Maje, motar kamfani ke kwasarmu da asuba. Ginin ofis muke yi mai hawa da yawa, kamfanin kuwa ba sai na kama sunansa ba.

Ga wanda bai sani ba, aikin direban ƙugiya zama ne a cikin wani ɗan akwatin gilashi a can ƙololuwa, kana ɗaga kaya daga nan kana ajiyewa a can. Daga can sama, mutane ba su da fuska, sai hulunan kwano: fara ta injiniya, shuɗiya ta foman, ruwan ɗorawa ta lebura. Wahalar aikin ita ce da zarar gini ya tashi, akwai wuraren da bango zai kare maka kayan da kake riƙe da su, ka zama makaho da nauyin mota a hannu. A nan ne ɗan ba-hannu yake zama idonka. Idan kana hangensa, da hannu zai yi maka magana. Idan bango ya raba ku, sai da sauti. Doka ɗaya ce, kada ka ɗaga, kada ka sauke, sai ya ce.

Ɗan ba-hannuna sunansa Bulus, mutumin Filato ne, yana zaune a Karmo da matarsa Saratu da 'ya'yansu. Gajere ne kakkaura, ga dariya, ga wushirya. Kamfani ya ba shi usur, amma bai daɗe ba ya jefa shi aljihu, kuma da hujjarsa. Gine-gine ne a jere, kowanne da ƙugiyarsa, kowanne da ɗan ba-hannu mai usur iri ɗaya, sai ka rasa wa ake busa wa. Shi ya sa ya koma sa yatsu biyu a baki ya yi fito. Idan yana so in ɗaga akwai yadda yake yi, idan yana so in tsaya akwai yadda yake yi. Na saukewa kuwa gajeru biyu ne, sannan dogo ɗaya mai lanƙwasa a ƙarshe, kamar mai tambaya. Babu mai irinsa a duk yankin. Na kan ce ko a barci aka yi mini shi zan san Bulus ne, kuma muna ganin mun fi kowa dabara.

Sai dai kun san mu Hausawa da fito. Tun muna yara ake kwaɓarmu, a ce yana kiran maciji, a ce ba ɗabi'ar mutumin kirki ba ce. Akwai wani mai ɗaurin rodi, Iliyasu, da abin ya tsaya masa a rai. Wata rana suna sallar azahar a gindin bango Bulus ya yi fito kusa da su, Iliyasu na sallamewa ya taso masa da faɗa, har sai da aka shiga tsakani. Maganar ta wuce a wurina, ashe a wurin wasu ba ta wuce ba.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani, a bayan ginin akwai ɗan rafi, da wani ƙaton maɗaci da katafila ta tsallake ba don Allah ba, sai don yana bakin kwari. Duk tsuntsayen da aka share wa daji sai suka tare a nan. Ni da nake sama, kan bishiyar nake kallo, kuma da yake ni ɗan ƙauye ne daga wajen Kazaure, na lura kukansu ba irin na gida ba ne. A garinmu tsuntsu yana kuka ne a natse, ya ja, ya huta. Na Abuja kuwa ihu yake yi, murya siririya mai tsini, don ta haura ƙarar janareto da injin kwaɓa kankare. Kuma sammako suke yi fiye da na gida, su gama abin da za su faɗa kafin tifofi su fito. Har na kan tsokani Bulus in ce su ma sun zama 'yan birni, kamar mutanenmu da ke zuwa Abuja su yi wata guda su fara kiran kowa oga.

A ranar Larabar, da hantsi, na ɗauko damin rodi zan kai bayan bangon hawa na sama, ta ɓangaren rafin. Wuri ne da ba na gani ko kaɗan. Mutum biyu ne kawai a can, Bulus da ke riƙe da igiyar da ake daidaita kaya kada ya juya, da Iliyasu da zai jera katakon da damin zai zauna a kai. Bulus ya yi mini fiton tsayawa, na tsaya, damin yana lilo a sama kaɗan da su. Na jira. Sai na ji gajeru biyu, da dogo mai lanƙwasa. Na tura liba.

Abin da ya biyo baya ihu ne, da fiton tsayawa a jere ba numfashi. Na ja birki, amma aikin gama ya gama. Na hango huluna suna gudu daga ko'ina suna nufar wuri guda. Ban san yadda na sauko daga tsanin ƙugiyar ba. Na tarar an ɗage damin da ƙarfin mutane, Iliyasu yana kwance, ƙafarsa ta dama ta karye ƙasan gwiwa, ƙashi a waje. Aka sa shi a motar kamfani aka nufi asibiti.

Jami'ar kiyaye haɗari a wurin ita ce Injiniya Rabi, 'yar Zariya, mace marar son wasa, wadda ko baturen kamfani ba ya shiga fili ba hula idan tana nan. Ƙa'ida ita ce idan aka yi haɗari a tsayar da aiki, a bar komai yadda yake, a ji ta bakin kowa tun abin yana da zafi. Ta kira mu biyu cikin kwantenar da take ofis.

"Malam Haladu, me ya sa ka sauke?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, an yi mini fiton saukewa."

Ta juya ga Bulus. Rigarsa duk jinin Iliyasu ne, don shi ya tallafe shi.

"Madam, Allah ya sani ni ban busa ba," in ji shi. "Hannuna biyu yana kan igiya. Yaron yana ƙarƙashi, ina ganinsa da idona, yaya zan ce a sauke?"

"Wani ya ga hannunka?"

"Babu kowa, Madam. Shi ma Iliyasu kansa a sunkuye yake."

Ta ce da ni ko zai yiwu na wani ginin na ji. Na ce sauran duk usur suke busawa, kuma fiton nan ba shi da na biyu. Bulus ya dube ni.

"Oga Haladu, ka san ni fa."

Na ce, "Na san ka, Bulus, kuma na san fitonka."

Gaskiya na faɗa, kuma ko yau aka ba ni Alƙur'ani zan dafa a kan na ji. Amma na san abin da maganar take nufi. A aikinmu idan kaya ya faɗa wa mutum, laifin ɗayan biyu ne, ko wanda ya ce a sauke, ko wanda ya sauke ba a ce ba. Babu na uku.

Kafin la'asar labari ya canja kama. Yayan Iliyasu, Malam Tanimu, shi ne shugaban masu ɗaurin rodi, kuma yawancinsu 'yan garinsu ne. Wani ya tuno faɗan ranar sallah, sai magana ta tashi daga ganganci ta koma ramuwa. Suka taru a ƙofar kwantena da guntayen rodi a hannu. Mutanen su Bulus, kafintoci da masu fenti, su ma suka ja gefe guda suna kallo. Wuri ya rabu biyu ba wanda ya raba shi. Injiniya ta kira 'yan sanda, suka fitar da Bulus ta ƙofar baya. Sufeton da ya zo ya rubuta bayanina, ya ce da shi za a kai Bulus kotu ranar Juma'a da safe, bisa zargin raunata mutum da gangan.

Washegari ba aiki, amma an ce ni in zo. A bakin get na tarar da Saratu, goye da yaro, riƙe da kwanon abincin da 'yan sanda suka hana ta miƙa wa mijinta. Ta sha kawo mana dafaffiyar masara ni da shi, ta san ni sarai. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, jiya ba mu kwana a ɗaki ba," in ji ta. "Mutanen yaron layinmu ɗaya. An zo an buga ƙofa, an ce idan aka yanke ƙafan nan mu ma mu shirya. Baba, an ce maganarka ne ya riƙe shi. Ka tabbata shi ne?"

Na ce mata na ji da kunnena. Ta dubi ƙasa ta ce, "To, Allah yana gani." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na wuni a gindin kwantena ina ta juya abin. Idan na janye magana na yi ƙarya, kuma ni zan maye gurbinsa a bayan kanta. Idan na tsaya a kan maganar, mutumin da na daɗe ina ba amanar idona zai tafi gidan yari, iyalinsa kuma Allah kaɗai ya san abin da zai same su a Karmo.

Wajen la'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ƙugiya irin tamu ba a barinta da birki a ɗaure idan iska za ta taso. Dole a janye igiya sama, a saki hannunta ya riƙa juyawa yana bin iska, in ba haka ba iskar ta karya ta. Tun jiya kuwa a ɗaure take, don an ce kada a taɓa komai. Injiniya ta leƙo ta dubi sama.

"Malam Haladu, hau ka sake ta. Kada ka ɗauki komai, ka sake ta kawai ka sauko."

Na hau. Ban taɓa jin wurin shiru haka ba, ba injin kankare, ba guduma, ba kowa a fili sai masu gadi a can bakin get. Na kunna inji, na fara janye igiya, ƙarfe yana ɗan kukansa da ya saba. Sai na ji gajeru biyu, da dogo mai lanƙwasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba sautin ba ne, hannuna ne, don kafin in yi tunani har ya kai kan liba da kansa. Na fizge shi na danne a cinya. Bulus yana rufe a caji ofis. Abin da ya fara zo mini shi ne ya mutu a can, ga shi ya zo neman hakkinsa. Na karanta duk abin da ya zo bakina. Aka sake yi, daga bayan bangon nan, daidai inda abin ya faru.

Na buɗe tagar gilashi na leƙa. Ba kowa a kan benen. Sai idona ya sauka kan maɗacin, a wani reshe da ya miƙo har ya kusa taɓa bangon. Wani ɗan tsuntsu ne a kai, bai fi tafin hannu ba, ƙirjinsa ja kamar manja, bayansa baƙi, da fari a tsakar ka kamar ya sa tagiya. Ina kallo ya buɗe baki ya yi ƙarar da tifa ke yi idan tana ja da baya. Ya bari, ya yi wani guntun kiɗan waya da rabin leburorinmu suka sa a wayoyinsu. Ya yi nasa na tsuntsaye kaɗan. Sannan ya kumbura wuya ya yi fiton Bulus, har da lanƙwasar.

Na saki birki na sauko, ruwa ya fara sauka tun ina tsakiyar tsani. Na faɗa kwantena jiƙe sharkaf na gaya wa Injiniya. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Malam Haladu, ka san yadda maganar nan za ta sauka a kunnen mutane? Direba da ɗan ba-hannunsa sun karya mutum, sun ɗora wa tsuntsu."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Ni na san akwai tsuntsaye masu kwaikwayo, ba aku kaɗai ba. Amma sanina ba shaida ba ne. In na je na faɗa wa Sufeto haka, zai ce ka janye bayaninka ne, kuma in ba Bulus ya busa ba, kai ka sauke ba umarni. Ka gane inda ka sa kanka?"

Na ce na gane. Na roƙe ta abu ɗaya, ta kawo Sufeto da Malam Tanimu gindin bishiyar da sassafe, kafin a fita da Bulus. Ta ce za ta gwada, amma idan tsuntsu ya ƙi magana ba ta da abin da za ta yi mini. Ban koma Tungan Maje ba ranar, a ɗakin masu gadi na kwana.

Gari na wayewa suka iso. Sufeto ya zo ne don ganin girman Injiniya, fuskarsa ta nuna haka. Malam Tanimu kuwa bai zo shi kaɗai ba, da mutanensa ya zo, kuma daga asibiti yake, idonsa jawur. Ko gaisuwata bai amsa ba. Muka tsaya a bakin rafi cikin taɓo, kowa ya ɗaga kai.

Tsuntsaye suna ta kuka, iri-iri, amma ba wanda nake nema. Can na hango shi ya sauko wani reshe, na nuna musu. Ya karkata kai ya dube mu, ya yi 'yar waƙarsa mai daɗi irin ta kowane tsuntsu, ya yi shiru ya shiga gyaran fiffike. Na ji kamar in kama shi in matse. Rana ta fara ɗagawa, janareton ginin maƙwabta ya tashi, motoci suka fara yawa a titi. Na san da zarar gari ya cika da ƙara, an gama.

"Wannan ne mai laifin?" in ji Sufeto. "In sa masa ankwa?"

Wasu suka yi dariya. Malam Tanimu bai yi ba.

"Haladu," ya ce, "ƙanina yana can likita yana shawarar ko a yanke ko a bari, kai kuma ka tara mu kallon tsuntsu. Da kai muke sallah sahu ɗaya. Ashe kai ma da kai aka haɗa baki?"

Mutanensa suka matso. Sufeto ya duba agogo ya ce shi zai wuce, motar kotu ba ta jira, kuma in biyo shi ofis don bayanina yana bukatar gyara. Na san irin gyaran.

A nan ne Allah ya tuna mini da abu guda. Jiya ma ai shiru ya yi har sai da na kunna inji igiya ta fara kuka. Ranar Laraba ma injin yana kunne. Wata da watanni tsuntsun nan yana jin kukan ƙugiya, fito yana biyo baya, har ya haɗa su a matsayin waƙa ɗaya.

Na ce, "Yallaɓai, a ba ni izini in hau in motsa igiya, ba kaya. In bai yi ba, daga tsani sai motarka."

Sufeto ya dubi Injiniya. Ita ce za ta amsa tambaya idan aka kunna ƙugiyar da aka dakatar. Ta juyo gare ni ta ce, "Hau."

Ban taɓa jin tsawon tsanin nan ba sai ranar. Na zauna, na yi bisimilla, na kunna. Na juyo da hannun ƙugiyar ya tsaya saitin bangon baya, na sassauto da igiya a hankali, ƙarfe yana kuka, na tsayar kamar yadda na tsayar ranar Laraba. Na ɗauke hannuwana biyu na ɗora a kai, yadda duk wanda ke ƙasa zai gani ta gilashi. Shiru. Daga sama ina ganin huluna a bakin rafi, da baƙar hular Sufeto da ta riga ta juya ta nufi get. Na janye igiyar, na sake saukowa da ita, na tsayar.

Sai ga shi, gajeru biyu da dogo mai lanƙwasa, tas, ya haura ƙarar janareto da ta titi gaba ɗaya.

Ba na jin abin da ake faɗa a ƙasa, gani kawai nake yi. Hulunan nan duk suka juya wuri guda kamar an ja su da zare. Baƙar hular ta tsaya, ta dawo. Tsuntsun kuwa kamar ya san an zo kallonsa, ya sake yi, ya ƙara da kukan tifa. Na ga wata shuɗiyar hula ta faɗi ƙasa, mai ita ya zauna daɓas a cikin taɓo ya dafe kai. Malam Tanimu ne. Ni ma a nan na kifa kaina a kan gilashi, hawaye suka zubo, ban ji kunyar kowa ba tunda ba mai ganina.

Ba a kai Bulus kotu ba. Kafin a tafi masallacin Juma'a aka sako shi, kuma Malam Tanimu da kansa ya shiga mota ya raka shi har ƙofar ɗakinsa a Karmo, don 'yan layin su gani. Ƙafar Iliyasu ba a yanke ba, sai dai ya tashi da ɗingishi, aka mayar da shi sito. Injiniya ta rubuta rahoto cewa laifin na tsarin aiki ne, kamfani ya sayo oba-oba, aka kuma kafa doka cewa duk inda direba ba ya ganin kaya sai an tsayar da mutum na biyu inda zai riƙa ganin hannunsa.

Ranar da Bulus ya dawo aiki na tare shi a gindin ƙugiya, na rasa ta inda zan fara. Ya riga ni.

"Oga Haladu, ba ka yi ƙarya ba. Ni ma ban yi ba."

Ya miƙo hannu muka gaisa. Amma wushiryar nan ban ƙara ganinta sosai ba. Da leburori suka haɗo danƙo za su harbe tsuntsun, wasu ma suna cewa a sare bishiyar tunda aljani ne a kanta, shi ya tare su.

"Ku bar shi," ya ce. "Ni na koya masa. Kuma shi kaɗai ya tsaya mini shaida."

Na san ba da ni yake ba, amma maganar ta same ni. Daga ranar kuma ban sake jin ya sa yatsa a baki ba. Da aka gama ginin ya tattara iyalinsa ya koma gida noman dankali.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutum biyu za su iya rantsuwa a kan abu ɗaya, maganarsu ta saɓa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu, don haka kada ku yi saurin raba fili biyu. Sannan garin nan da muke ginawa ba mu kaɗai ke cikinsa ba. Mun share wa wasu gida, sun matsa gefe suna saurarenmu, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mu da muke sama, kunne ba ya isar mu. Gani ya kori ji.

Bara wata hidima ta kai ni ginin. Ya zama ofis mai gilashi, an yi wa rafin gada, an zagaye maɗacin da furanni da kujerun siminti. Na zauna ina jiran wanda na zo gani, can wani gini na kusa ƙugiya tana aiki. Sai na ji shi a saman kaina. Ba zai zama tsuntsun farko ba, ko ɗansa ne ko jikansa, lanƙwasar ma ta ɗan gajarce, amma fiton Bulus ne. Na duba na ga hannuna na dama ya tashi daga cinya yana neman liba.

Na ciro waya na kira Bulus. Muka gaisa, na tambayi Saratu da yara da damina, sannan na ce masa ga ni a gindin bishiyar, kuma yaronsa har yanzu yana bakin aiki.

"Wanne yake yi?" ya ce. "Na ɗagawa ko na saukewa?"

Na ce na saukewa.

"To, Oga Haladu, kada ka sauke sai ka ga hannuna."

Na ce masa ba zan sauke ba. Ku ma in kun hau gobe, kada ku sauke.